Abin da Na Bar wa Shalan

Ni ce Indubai Shelke, matar marigayi Ganpat Shelke. Da hannuna nake wannan rubutu, a kan gadon da nake kwance tun da ƙuguna ya karye, kuma hankalina yana jikina. Madhukar, na ji abin da ka gaya wa likita a bakin ƙofa, wai maganin ciwo ya juya mini kai. Likitan ya shigo ya tambaye ni sunan garinmu da sunayen jikokina, na ba shi amsa har da abin da bai tambaya ba. Zai sa hannu a ƙasan takardar nan. Kada wani ya tashi gobe ya ce sambatun tsohuwa ne.

Ku uku ne kuka rayu cikin waɗanda na haifa: Madhukar babba, sai Shalan, sai auta Uttam. Jikina ya gaya mini ba zan ga girbin bana ba. Ga abin da nake so.

1. Gonar dawa ta Madhukar da Uttam ce, rabi da rabi. Rijiya ba a raba ta, duk mai ƙishirwa ya ɗiba. Shanun nan biyu su zauna wurin Uttam, shi suka sani.

2. Gidan nan na Shalan ne, da ɗakunansa da tsakar gidansa. Tun da mijinta ya rasu ta dawo nan, ita ta yi jinyar ubanku har ya cika, sannan ta juyo kaina. Madhukar, na san ka riga ka yi magana da mai sayen filaye, kuma ka ce mata ta nemi wurin zuwa. Ba inda za ta.

3. Yanzu maganar safiyar da na faɗi, domin kowa yana ba da labarinta ban da ni da na sha ƙasa.

Duk makon da abin ya faru tari ya hana ni barci, ya hana Shalan. Da gari ya waye ta wanke ni, ta canza zanen gado, ta ɗora miyar wake a wuta. Likita ya hana ni tafiya ni kaɗai, amma ban taɓa barin wani ya zuba wa shukar tulsi mai tsarki ta tsakar gida ruwa a madadina ba. Na lallaɓa na tashi, gefen zanena ya ja tukunyar, miya ta kife a kan ƙafarta. Ta riƙo hannuna.

Na ce, “Sake ni, ban tsufa da gaida ubangijina ba.”

Ta ce, “Aai, uwata, don me ba za ki mutu ki huta ba, mu ma mu huta?”

Ta fizge hannunta. Ni kuwa duk nauyina a kansa yake. Na faɗi a kan matakalar dutse, na ji ƙashin ya yi ƙara.

Abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta faɗi maganar, kuma ta yi mini ciwo fiye da ƙashin. Amma ba ta ture ni ba. Parubai maƙwabciyarmu ta ji muryar ta kan katanga, ba ta ga komai ba, sauran labarin da ta buga maka a waya, Madhukar, ita ta ƙera shi. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne Shalan ce ta goya ni a baya har bakin titi, da ƙafarta da ta sale, ba ko takalmi.

4. Madhukar, wannan naka ne. Ka zo asibiti daga Pune, ka tsaya a gaban marasa lafiya ka nuna ƙanwarka da yatsa.

Ka ce, “Ke kika kashe ta. In ta mutu ba za ki taɓa gawarta ba, kuma sai na kai ki wurin ’yan sanda.”

Ita kuwa ta ce, “Kai ni, Dada, yayana. Gaskiya ka faɗa.”

Idona a rufe yake, kuka ɗauka barci nake. Ka saurare ni da kyau. In ka kai maganar nan gaban hukuma, ko ina da rai ko ba ni, ban yarda ka sa wa gawata wuta kamar yadda babban ɗa ke yi a al’adarmu ba, Uttam ya sa. Na san nauyin abin da na rubuta, hannuna ma sai da ya tsaya. Ba tsanarka na yi ba. Na san abin da ke cin ka: ka daɗe ba ka zo ba, da ka zo ka tarar da ni a karye, ka rasa inda za ka ajiye zafin. Kai ma fushi ne ya yi magana da bakinka a ranar, irin wanda ya yi da nata. Bambancin kawai ita ta san ta yi.

5. Gunkin ubangijinmu Vitthal na ɗakin ibada, wanda kakarku ta ba ni ranar da na shigo gidan nan, da fitilarsa ta tagulla da ƙaramar ƙararrawa, na Shalan ne. Al’ada ta ce babban ɗa ke ɗauka. Na sani, kuma na saɓa.

Shalan, ’yata, tun ranar nan kika cire carbin tulsi daga wuyanki kika rataye a ƙusa. Kin daina shiga ɗakin ibada, sai ki ajiye furanni a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Rabin gurasar dawa kike ci a wuni. Kin ɗauko wata mata tana juya ni, ke kina tsaye a bayan labule kina gaya mata yadda za ta yi. Uttam ya gaya mini ya tarar da ke a bakin rijiyar gona da tsakar rana, ba guga a hannunki, ya kira ki, “Tai, Tai, yayata,” ba ki juyo ba sai da ya kama kafaɗarki. Tun da na ji haka tsoron mutuwata ya fita daga raina, wani ya shiga.

Shi ya sa na ƙi cin abinci daga hannun matar nan. Ba rikicin tsufa ba ne. Da yunwa ta fara kayar da ni kika shigo da kwano, kin sunkuyar da kai.

Kika ce, “Aai, hannun nan bai cancanta ba.”

Na ce, “Ni ban tambaye shi takarda ba. Buɗe bakina zan yi, ke ki zuba.”

Kika zuba, rabi a bakina rabi a wuyana, muka ci gaba a haka. To abin da na yi miki ranar nan shi nake so ki bari Vitthal ya yi miki.

Mu a ƙasar nan uwa muke kiransa. Ki gaya mini, duk safiyar da kika tarar na ɓata shimfiɗa, kin taɓa cewa sai na tsabtace kaina kafin ki shigo? Don na ɓaci kike shigowa. Me ya sa kike zaton shi zai fi ki ƙyama? Kuma kin san dalilin da yake tsaye a kan bulo a Pandharpur, garin bautarsa, hannuwa a ƙugu: ya zo wurin wani bawansa ya tarar yana hidimar iyayensa, aka ce ya jira, ya jira. Wanda ya yi wannan tsayuwa ya san wahalar jinyar tsofaffi. Yana ɗakin nan duk daren da kika tashi domina, ba safiyar nan kaɗai ya gani ba.

Fushinki ya zo ya wuce kafin miyar ta huce a ƙasa. Wannan hukuncin da kike yi wa kanki shi ne ya ƙi wucewa, kuma ba tuba ba ne. Tuba tana kai mutum gaban ubangijinsa, wannan kuwa korar ki yake yi daga ƙofarsa. Ba ke ce alƙali ba. Ni aka yi wa laifin, na yafe tun ina kan bayanki a hanyar titi. Ki shiga ki gaya masa abin da kika faɗa, da kalmomin da kika faɗe shi, ki ajiye a ƙafafunsa kamar yadda kike ajiye madara. Abin da aka miƙa masa ba a komawa a ɗauko.

Fushi zai sake zuwa, kada ki yi mamaki. In kin ji ya taso, ki ajiye abin da ke hannunki, ki fita tsakar gida, ki kira sunansa har numfashinki ya daidaita. Ku kuma maza, ku riƙa karɓar ta a jinyata tana samun barci. Mutumin da bai yi barci ba, kowa ne shi, bakinsa ba nasa ba ne.

6. Ba wanda ke bi na komai sai Vitthal. Lokacin da Uttam ya yi zazzaɓin da muka fid da rai, na yi alwashin taka ƙasa zuwa Pandharpur duk damina muddin ina numfashi. Bana ƙafa ta ƙi. Ku uku za ku cika mini, a ƙasa, cikin ayarin garinmu. Madhukar, ka bar motarka a gida. Tafiyar tana da tsawon da mutum ba zai iya yin ta bai yi wa na gefensa magana ba.

7. In na cika, Shalan ce za ta wanke ni, ita za ta sa mini ganyen tulsi da ruwa a baki. Madhukar ya sa wuta, in ya kiyaye abin da na ce. Tokata a kogin Chandrabhaga. Ranar ciyar da mutane bayan rasuwata a kira Parubai, a ba ta wuri mai kyau, kada kowa ya tayar mata da maganar.

Uttam, kai za ka karanta musu wannan, kuma ba bayan raina ba. Ranar Alhamis, a ɗakin nan, ina kallon fuskokinsu. Wanda ke da ja ya yi da ni tun ina iya amsawa.

Madhukar, Vitthal ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka ’ya’yan da za su zo tun kafin a kira su. Uttam, ya albarkaci gonarka da idonka mai lura. Shalan, ya ba ki barci mai nauyi da tsufa mai sauƙi, ya haɗa ki da mai haƙuri da ke. Ku riƙe juna. Duk bikin fitilu ku taru a gidan nan ku ci a faranti kusa da kusa, ko da ba ku shirya ba, ko da cin zai kasance shiru. Wanda ya fara miƙa wa ɗan’uwansa gishiri, albarkata tana kansa.

Indubai Ganpat Shelke