Hannun Da Aka Ce Ba Ya Taɓa Ruwan Sha

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Ɗaukar Ma'aikata
Daga: Mai neman aiki, unguwar bayan juji
Kwanan wata: 11 ga Maris

Game da: Korata daga ganawar neman aikin gwajin ruwa saboda sana'ar mahaifina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina neman izinin gabatar da kokena.

1. Ranar 4 ga Maris na bayyana gaban kwamitin tantancewa da takardar diflomata ta gwaje-gwajen kimiyya. Waɗanda suka riga ni shiga, 'ya'yan manyan ma'aikata, lafiyar iyayensu kawai aka tambaye su.

2. Ni kuwa sana'ar mahaifina aka tambaye ni. Na faɗi gaskiya: yasar masai yake yi. Shugaban kwamitin ya gane shi, domin shi ke yi masa yasa a gida shekara da shekaru.

3. Nan take ya sa masinja ya buɗe tagogi. Ya ture takardata da bakin rula har ta faɗi ƙasa, ya ce hannun gidanmu ba ya taɓa ruwan da mutane ke sha. Kwamitin ya fashe da dariya. Ni ma na yi, ranka ya daɗe, domin na zaci cikin jarrabawar ne.

4. Ina fita aka kai kujerar da na zauna rana. Shugaban ya ce in gaya wa mahaifina ramin gidansa ya cika, mu zo tare ranar Asabar, tunda kyan ɗa ya gaji ubansa.

5. Mun je. Mahaifina ya sa rigarsa ta fita kunya, yana zaton maganar aikina ce. Ya durƙusa ya yi godiya. Daga nan aka nuna masa ramin. Ya tuɓe rigar, ya ninke, ya miƙo mini. Ni na riƙe masa igiya.

Saboda haka ina roƙon a sake tantance ni gaban wani kwamiti kafin a rufe ɗaukar ranar 25 ga Maris, a yi mini tambaya a kan ruwa, ko da guda ɗaya ce. Ina kuma roƙon kada shugaban kwamitin ya ga wannan takarda. Idan ya daina kiran mahaifina, maƙwabtansa ma za su daina, kuma da ramukan nan muke ci.

Allah ya ƙara girma.

Naka cikin ladabi,
Ɗan mai yasar masai, mai difloma