'Yar Ɗorawa Ta Daina Cin Abinci

Litinin, 6 ga Oktoba

Kwana hamsin da rasuwar Malam. Ina cikin takaba, ba fita, daga ni sai akwatin gilashin kifayensa. Da yana raye har tsiya nake masa, mutum da furfura yana kiwon kifin da ba ya shiga miya. Yanzu ni ke ba su abinci. 'Yar Ɗorawa, rawayar nan da ya fi so, kwana uku ba ta ci ba. Maƙogwaronta ya kumbura.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na ɗauki wayarsa in yi mata hoto in tura wa Raliya, ɗiyata da ke aure a Jabo. Kifin bai fito ba, fuskata ce ta fito a gilashin. Ashe haka na rame.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Raliya ta zo da fura, ban sha ba. Ta leƙa akwatin ta ce, "Inna, cuta ce. Ki fid da ita tun ba ta shafa wa sauran ba." Na ce babanki ya riƙe ta shekara biyu, ni ko wata biyu in kasa? Amma da ta tafi na ɗauko 'yar ragar kamun, na daɗe riƙe da ita, na mayar.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Yaya Ɗangiwa ya zo daga Kebbe duba ni. Tun muna yara yake sana'ar su. Na nuna masa ita, na ce gobe zan fid da ita in huta da kallon wahalarta. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya. A gidan makoki!

"Ke Tambaya ƙanwata, mi kika sani game da kifi ban da suya? Ƙwai ne a bakinta! Haka karfasa ka yi a gulbi. Ba ta ci sai ɗiyan sun fito."

Na ce Yaya, kar ka yi mini wasa. Ya ce in ƙarya yake in soya shi a madadinta. Ya sa na raba ta da sauran da 'yar raga a tsakiyar akwatin, don kar su cinye 'ya'yan.

Laraba, 22 ga Oktoba

Shiru. Ta ƙara ramewa. In Yaya bai gane daidai ba fa?

Asabar, 25 ga Oktoba

Sun fito! Da hantsi ina shara na ga wasu abubuwa kamar tsabar shinkafa suna yawo gabanta. Na saki tsintsiya. Da inuwata ta faɗa kan ruwan, ta buɗe baki, duk suka koma ciki. Allah mai iko. Na ƙirga goma sha huɗu kafin su ɓace.

A wayar Malam akwai hotonta ya fi ɗari, amma babu irin wannan. Bai taɓa gani ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na gano dabara. Na rufe taga, na lulluɓa da baƙin hijabi har kan wayar, na manna ta jikin gilashin, na zauna kamar dutse. Ƙafata ta yi sanyi. Sai ga ta ta buɗe baki, 'ya'yan na fitowa, na danna. Hoton ya fito tas, babu fuskata, har idanunsu ana gani. Na tura wa Raliya, ta bugo tana ihu, "Inna, ke kika ɗauka? Ke da kanki?" Na ce a'a, kifin ne ya ɗauki kansa.

Talata, 28 ga Oktoba

Yau ta ci. Na barbaɗa mata, ta kai cafka kamar ba ita ba. Na zauna gabanta da kwanon tuwon da maƙwabciya ta aiko, ina kallonta kawai. Da na duba, kwanon ba komai. Ina jin tuwon ne ba shi da yawa.