Ni Na Sa Malam Isiyaku Yake Kulle Asibiti da Hantsi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban tawagar da ta zagaya ƙauyukan Karaye da Rogo tana auna himmar ma'aikatan lafiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu aiki a ƙarƙashinka.

Shekarar da aka datse ruwan Challawa aka gina mana ɗan asibitin sha-ka-tafi a ƙauyenmu, nan mazaɓar Kafin Dafga. Da kaina na ɗauki bulonsa. Daga lokacin zuwa yau ma'aikata tara aka turo mana, kuma zan iya lissafa maka su da sunansu da garinsu da halinsu. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Haladu, tsohon hedimasta, shi ne yake rubutawa, na kuma ce masa kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Maganata a kan na taran ce, Malam Isiyaku, wanda takardarku ta ce ba shi da himma.

Na farko, zancen kwaɗo. Mutanenka sun zo sau uku a daminar nan, duka da hantsi, suka tarar da ƙofa a kulle, suka rubuta. Ba su yi ƙarya ba, ina zaune a gindin tsamiya ina kallonsu. Sun yi mini sallama, na amsa, ba wanda ya tambaye ni ina mai asibitin. Da sun tambaya da na gaya musu ni na jawo.

Ga yadda aka yi. Mu nan da damina, rana na fitowa gari ya watse, kowa yana gona sai la'asar. Matan aure kuwa ba sa fita sai mai gida yana nan. Wato lokacin da gwamnati ta ce a buɗe asibiti, lokacin ne babu mai zuwa. Damina huɗu da suka wuce fartanya ta sari ƙanena Tanimu a ƙafa. Ya je asibitin da sassafe, ba a buɗe ba. Ya dawo da yamma, an tashi. Ya ce gobe, ya ɗaure da tsumma ya koma noma, don ciyawa ta kusa cinye masa dawa. Haka ya yi ta gobe har ƙafar ta yi wari. A Kano aka yanke ta daga gwiwa.

Bayan mun dawo na je na zauna wa Malam Isiyaku a ƙofa. Na ce ya riƙa buɗewa daga an sallame sallar asuba, ya sake buɗewa bayan la'asar. Ya ce ƙa'ida ba ta yarda ba. Na ce ƙa'idar ta zo ta ga ƙafar Tanimu. Kwana bakwai ina zuwa, ran na takwas na zo da mai unguwa da liman. Ya gaji ya yarda. Tun daga nan, da asuba layi ne har bakin rijiya. In rana ta ɗaga sai ya kulle, ya ɗaure jakarsa a babur ya bi rugage da unguwannin ƙetaren rafi yana rigakafi da wankin ciwo, ya dawo ya zauna har magariba. Wannan shi ne kwaɗon da kuka rubuta.

Na biyu, takardar tambayoyinku. An tambaye shi ko yana jin daɗin aiki, kuma ko ya taɓa tunanin barinsa. Ya ce rufi yana yoyo daidai kan kabad ɗin magani, shi kaɗai ne babu mataimaki, kuma e, ya sha yin tunanin tafiya. Aka rage masa maki. Ranka ya daɗe, mun taɓa yin wani ma'aikaci, na huɗu a lissafina, ba zan kama sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya. Ƙarfe takwas daidai yake buɗe ƙofa, ya shimfiɗa tabarma a bayan tebur. Duk baƙon da ya zo daga birni, sai ya ce masa komai lafiya lau, sai godiya. Mace tana naƙuda a ƙetare aka zo kiransa, ya ce takalminsa sabo ne. Da shi kuka tarar, da shi ya zo na ɗaya. Mutumin da yake ƙorafin ruwa na jiƙa magani, ai damuwa da maganin ce ta sa shi magana.

Na uku, abin da takardar ta haifar. Makon jiya aka kawo wa Malam Isiyaku wasiƙar canjin wurin aiki, wai ƙarshen watan nan zai koma inda za a sa masa ido. Na san za ka ce kai awo ne naka, ba kai ke canza mutane ba. To, amma da awonka aka yanke hukuncin. Ga kaka tana shigowa, lokacin zazzaɓin yara da yankan lauje. Wanda zai maye gurbinsa ya riga ya ga abin da aka yi wa mai buɗewa da asuba, kuma ba wawa ba ne.

Ba na cewa Malam Isiyaku waliyyi ne. Yana da faɗa, ya hana ni gishiri da kilishi saboda hawan jini, har yanzu ban yafe masa ba. Amma rafi ya cika na ga ya tuɓe riga ya ɗora jaka a ka ya ƙetara. Ban ga gurbin rubuta wannan a takardarku ba.

Roƙona uku ne. Ka rubuta wa waɗanda suka karɓi sakamakonka cewa akwai gyara, a dakatar da canjin. Ka sake turo mutanenka, amma su kwana a garin, ɗakin zaurena yana nan, su fito tare da masu sallar asuba. Sannan duk ƙauyen da za ku je nan gaba, kafin ku rubuta kwaɗo, ku tambayi tsohon da ke zaune kusa da shi. In kuwa dole sai an hukunta wani, sunana ne a ƙasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka da zaluntar wani a kan rashin sani, ya sa ka gama aiki lafiya.

Ni dai gobe in Allah ya kai mu, ana sallame asuba zan tafi ƙofar asibitin da ƙwarya da tiyar gyaɗa. Duk wanda Malam Isiyaku ya duba, in jefa ƙwaya ɗaya. Haka zan yi kullum har ranar da aka ce zai tafi, sannan in hau mota in kawo maka ƙwaryar ofishinka, ka zuba a tebur ka ƙirga da hannunka.

Wassalam.

Naka,
Audu Na-Tsamiya,
mazaɓar Kafin Dafga.