Bayan Sirdunan Raƙuma

Lahadi, 4 ga Disamba 2005, Agadas

Gobe tafiya. Faransawa shida, a ƙafa daga Timiya zuwa gindin dutsen Bagzan. Na zauna ina duba abin da na tara: mota uku, raƙuma tara, ofis da sunana a ƙofa, Faransancin da na ƙarasa koyo a bakin hanya bayan na bar kolej. Ba gado, ba ɗan'uwa a gwamnati. Babu wanda ya taɓa miƙo mini ko kofin ruwa. Ni kaɗai.

Litinin, 5 ga Disamba, Timiya

Mai ba mu labari da yamma ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma. Bazo, mai dafa mana abinci kuma abokin wasana, ya ce ya samo wanda ya fi shi. Na leƙa, sai ga surukina a kan farin raƙuminsa. Uban matata Takna!

Na ja amawali har ido, na koma bayan mota. Na ce wa Bazo ka kashe ni. Ya ce, "Maigida, kai ka ce a kawo gwani. Ka san wani gwanin?"

Ban sani ba. Duk wanda ya yi abin kirki a duwatsun nan yana bakin Tsoho, surukin nawa, wanda kuwa ba ya bakinsa kamar bai zo duniya ba. Tun da na auri 'yarsa ban ji an ce ya yi maganata ba.

Talata, 6 ga Disamba

Tsoho ba ya jin Faransanci, ni kaɗai ke iya fassara, kuma ba na zama gabansa. Bazo ya jera sirduna bayan magariba, na zauna a bayansu na ba wuta baya. Tsoho ya faɗa, ni in juya daga inda nake. Madam Odil, wadda ke rubuta wa wata mujalla, ta tambaya ko faɗa muka yi. Na ce ladabi ne. Ta rubuta.

Laraba, 7 ga Disamba

Gurasa ta fito daga yashin da aka gasa ta Tsoho yana zaune, ban ci ba, don ba a ci gaban suruki. Mai kamfani guda da guntun dabino a bayan dutse.

Alhamis, 8 ga Disamba

Yau labarin madugai da masu haƙa rijiya. Mutanen da ba su taɓa riƙe sitiyari ba. Na fassara da kyau, amma raina ba daɗi. Na ce wa Bazo ya ɗan tuna wa Tsoho shekarar fari. Bazo ya yi dariya har shayi ya zube. "Ɗan kawu, roƙo kake? In ɗauko maka ganga?"

Asabar, 10 ga Disamba, gindin Bagzan

Zan rubuta yadda ya faru.

Tsoho ya ce yau labarin wani mutum ne. A shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, mutumin nan ya cika duro-duro da ruwa a motarsa ta farko, ya yi ta kai wa zango-zango har motar ta mutu a cikin rairayi, ya baro ta ya kamo hanya a ƙafa. Ina cikin fassara sai na gane. Motata ce. Ni ne.

Sai ya ci gaba. Wai mutumin nan mai girman kai ne, da an ba shi ruwa a hannu da ya ƙi, ya mutu. Shi ya sa wani mai raƙumi da ya ga sawunsa ya zagaya ta gaba, ya rataye salkar ruwa a ƙaya, ya tafi.

Na tuna salkar. Duk shekarun nan ina cewa wani matafiyi ne ya manta ta.

Madam Odil ta ɗaga alƙalami: yaya sunan mutumin? Da Faransanci ta yi tambayar, cikin mutanenmu babu mai ji sai ni. Kalma uku kawai, sunana ya shiga mujalla. Na juya wa Bazo tambayar, Bazo ya juya wa Tsoho. Tsoho ya ce, "Akwai sunan da bakina ke jin nauyinsa. Amma 'yata ba ta yi asara ba."

Na ce mata labarin bai zo da suna ba.

Lahadi, 11 ga Disamba

Na tambayi Bazo ko ya san mai salkar. Ya ce, "Shekara nawa kana shan ruwa a tantin Takna ba ka duba ɗinkin salkunan gidansu ba? Kolej dai ba ta yi maka rana ba."

Laraba, 14 ga Disamba, Agadas

Baƙi sun hau jirgi. Na aika wa Tsoho shayi da sukari da sabon rawani ta hannun Takna, na ce kada ta ce daga ina. Ta dube ni ta ce kai da shi kun dace.

Na sake karanta abin da na rubuta ran Lahadin farko. Mota uku gaskiya ne, raƙuma ma. Maganar kofin ruwa, to, ba kofi ba ne dai.

Mujalla za ta fito babu ni. Amma nan wurina ne, don haka a rubuta: wani mutum ɗin nan ni ne, Aghali ag Wantiti. Ɗayan kuwa, mai raƙumin, bakina ni ma yana jin nauyi.