Bangon da Ya Tsufa Ranar Talata

Al Muraƙƙabat, Dubai
12 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Hephzibah,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, kina cin abinci a kan lokaci, kina kuma rufe kunnuwanki cikin wannan sanyi da kika ce ya daskarar da tafkin garinku har mutane na yawo a kansa. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da kika sani, ita ma matakalar jirgin ƙasa ce kawai ke tayar mata da hankali. Ranar Lahadi bayan na dawo daga sujada a Jebel Ali na yi waya da babanki. Ya ce an cire wa mamanki bandejin ido, tana gani sarai, har ta fara yi musu faɗa a kan ƙurar da ta tarar a saman kabad. Ƙaninki Justin kuma ya shiga ƙungiyar mawaƙa a coci, babanki ya ce muryar dai sai addu'a.

Saƙon muryar da kika aiko mini na saurare shi sau huɗu. Kin ce kin karɓo takardar janyewa daga karatu, za ki sa hannu kafin ƙarshen wata ki koma Kaduna. Kin roƙe ni kada in gaya wa babanki, ban kuwa gaya masa ba. Na zaɓi in rubuto ne don na san halinki a waya: za ki yi ta ce mini "to, Goggo" alhali zuciyarki tana wani wuri.

Akwai kuskuren da yawancin mutane ke yi, ina ganin ke ma kin faɗa cikinsa. Ana ɗauka idan gari ya yi kyau, wanda ke zaune a cikinsa ma yana jin daɗi. Kin ba ni labarin tsakiyar garinku: tsohuwar masana'antar ƙarfe ta zama kasuwar abinci, an shimfiɗa hanyar katako a bakin tafki, an kafa ƙaton lilo mai fitilu, an buɗe filin wasan ƙanƙara a inda jiragen ruwa ke sauke gawayi a da. Kin ce malaminki na tsara birane ya ba ku aikin rubutu a kan wannan gyara, kin yi mako uku kina zuwa wurin ba ki rubuta ko layi ɗaya ba. Kowa da nasa, ke kaɗai da kofin shayi a hannu. Sai kika faɗi maganar da ta sa na ajiye cokali: wai ni na iya zaman ƙasar waje, ke ba ki iya ba, shaida kuwa hotunana.

To, 'yata, laifin nawa ne, bari in gyara. Hotunan nan da kika girma kina gani, ni a gaban ruwa mai rawa, ni a gindin dogon bene, ni a madatsar ruwa ta garin Hatta sanye da rigar kariya ina dariya, kin taɓa tambayar kanki wa ke ɗaukata? Baƙi ne. Ina tsayawa in duba fuskar da ba za ta wulaƙanta ni ba, in miƙa waya, in yi murmushi, in yi godiya, in koma ɗaki. Ɗakin kuwa rabin falo ne da aka raba da katako, ina jin tarin maƙwabciyata amma sai da muka yi wata biyar na san sunanta. Shekara huɗu na yi a haka. Daga Litinin zuwa Juma'a ina da yarana na aji uku, su ne suka riƙe ni. Asabar ce abar tsoro.

Wata Asabar a shekara ta huɗun na je wani sabon wuri da aka buɗe a bakin mashigin ruwan Dubai. Gine-gine ne masu kama da na da, bango ruwan ƙasa, ƙofofin katako masu manyan ƙusoshi, fitilu masu tsatsa. Na tsaya gaban wani bango mai tsagewa ina yi wa 'yan gida bidiyo, ina bayani da muryata ta aji cewa su dubi ginin kakannin Larabawa, ya haura shekara ɗari biyu. Sai na ji dariya a bayana. Wani gajeren mutum ne cikin kayan aiki, da bokiti da soso. Da Hausa ya yi mini magana, irin ta zangon Kumasi. Wai Malama in ji tsoron Allah, bangon nan ko wata uku bai cika ba, tsagewar da nake nunawa kuma shi ya zana ta da ƙusa ranar Talata bayan azahar, in ina so ya ƙara mata shekara hamsin kafin la'asar.

Sunansa Abukari, aikinsa kuwa tsufar da sabbin gine-gine. Ya nuna mini yadda yake jiƙa soso cikin fenti mai kalar shayi ya bi gindin bango, yadda yake zuba gishiri da ruwan tsami a kan ƙarfe ya kwana ya yi tsatsa, yadda suke dukan sabuwar ƙofa da sarƙa har ta yi laushi. Ya ce duk Dubai shi kaɗai ne ake yaba wa idan ya lalata abu. Ni dai kunya ta rufe ni. Shekara goma sha tara ina koyar da labarin ƙasa a Sabon Tasha, ga mai soso ya kayar da ni jarrabawa a tsaye. Cikin haushi na ce masa ashe duk garin nan babu abin gaskiya ko ɗaya. Ya ajiye bokitin ya ce yalla, wato mu je da Larabci, in biyo shi.

A hanya ya gaya mini ya yi shekara goma sha ɗaya a daidai wannan wuri tun yana rumfunan ajiye kaya, suna loda wa jiragen katako firji da tayoyi da buhunan shinkafa. Da aka rushe rumfunan aka sallami kowa, shi ya dawo ta ƙofar fenti. Ya kai ni bayan wani shagon sayar da askirim, inda wani turken ƙarfe yake tsaye a bakin ruwa, irin wanda ake ɗaure jirgi a jikinsa. An shafa masa baƙin fenti, an ajiye tukunyar fure kusa da shi. Ya ce ba don ƙauna aka bar shi ba, ya yi zurfi ne a cikin siminti. Ya ce in sa hannu a wuyansa ta ɓangaren ruwa. Na sa. Sai na ji wani kwari mai santsi kamar cikin tsohon turmi, inda igiya ta yi shekaru tana cin ƙarfen. Abukari ya ce wannan ne kaɗai tsufan da ya gagare shi. Nasa yana zuba shi ne inda ido zai faɗa, na gaske kuwa yana ɓoye inda hannu da igiya suka yi ta wucewa. Daga nan ya shiga lissafa mini mutanen da suka ɗaure jirgi a turken, wani ɗan Somaliya mai waƙa, wani Bafulatanin Nijar da bai taɓa yarda ya hau ruwa ba, ya yi ta kiran sunayensu kamar mai kiran rajista.

Ranar ban ɗauki hoto ba. A makon da ya biyo baya matarsa Hamamatu, wadda ke aikin wanki da guga a wani otel, ta aiko a kira ni. Ashe layi uku ne tsakaninmu a nan Muraƙƙabat. Ta dafa shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji, ta ce in ci in daina yi wa mutane ƙaryar tarihi. Shekara biyu duk yammacin Juma'a ina gidansu. Muna musu a kan wa ya fi iya Hausa, Abukari yana cewa tamu ta littafi ce, tasu ta kasuwa, kasuwa kuwa ta girmi makaranta. Idan lokacin sallarsu ya yi ni nake tsaron tukunya. Da Kirsimeti Hamamatu ta ɗinka mini ɗankwali.

Ba zan ƙara yi miki ƙarya ba, don haka ga sauran labarin. A watan Oktoba aikin ya ƙare. Abukari ya ce halas, wato an gama in ji Larabawa, babu sauran bangon da zai tsufar sai kansa, suka tattara suka koma Kumasi. Tun daga lokacin, in ba a coci ba ko a waya, ban buɗe baki na yi Hausa da kowa ba. Yammacin Juma'a ya dawo da tsawonsa. Wani lokaci ina dafa abinci in ga na auna na mutum uku. Kewa ba ta tafi ba, Hephzibah, kuma ban ce taki za ta tafi ba. Abin da ya canja shi ne yanzu ina da wuri a garin nan. Ina zuwa in zauna kusa da turken, na san wa ya tsaya a nan, na san abin da aka loda. A watan jiya na kai 'yan ajina, na ce kowa ya rufe ido ya nemo mini tsufa na gaske da hannunsa. Ba ki ga murna ba. Sun gano wata matakala da ta lotsa a tsakiya, wadda ni kaina ban taɓa lura da ita ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Kakanki Baba Sati ya yi shekara ashirin da shida a masaƙa a Kakuri. Bayan an rufe ta, kullum da safe sai ya hau kekensa ya je ya zauna a bakin ƙofar, mu kuwa muna cewa tsufa ne. Ni da nake koya wa yara masana'antun Nijeriya a allo, ban taɓa bin sa na ce Baba wane inji ka riƙe ba. Ya rasu ban tambaya ba. Ina da tabbacin a garinku akwai irinsa, tsofaffin da suka narka ƙarfe a ginin da yanzu ake sayar da burodi. Suna nan suna zagaya wurin, ba mai tambayarsu. Ke kina ganin ke kaɗai ce baƙuwa a tsakiyar garin nan, alhali wasu an haife su a can kuma su ma sun zama baƙi.

Ga roƙona. Kada ki sa hannu a takardar nan sai kin gwada abu ɗaya. Asabar mai zuwa ki koma bakin tafkin da rana, ki bar wayarki cikin jaka. Ki bi tsohuwar masana'antar da hannu, amma da safar hannunki, kada ƙarfe ya kama miki fata ki ce Goggo ce ta sa. Ki duba bakin ƙofa, da ƙarfen matakala, da duk inda ya yi santsi ba don an goge shi ba. Idan kin samu, ki ɗaga kai ki nemi mutumin da ba ya ɗaukar hoto. Ki gaishe shi yadda aka koya miki a gida, ki tambaye shi me ke nan wurin a da. Wataƙila na farko ya share ki. Ki nemi na biyu. Abin da ya faɗa miki ki rubuta, shi ne layin farko na aikin malaminki. In bayan haka har yanzu zuciyarki na gida, ni da kaina zan kira babanki, ba wanda zai ce kin kasa.

Ki kuma rubuto mini abin da kika taɓa da wanda kika samu, da Hausa, doguwar takarda. Ba don in duba miki kuskure ba. Ina bukatar abin karantawa ranar Juma'a da yamma.

Mamanki da babanki da Justin suna gaishe ki, ko da yake ba su san na rubuto ba. Hamamatu ta kira shekaranjiya, ta ce in gai da 'yar boko mai zama cikin firji. Ki gai da fastonku, ki gai da matar da kike haya a gidanta, wadda har yau ba ki gaya mini sunanta ba. In ba ki sani ba, ki fara da ita.

Na haɗo miki hoto ɗaya. Babu fuskata a ciki, hannuna ne kawai a wuyan turken. Shi ne na farko cikin shekara bakwai da ban roƙi kowa ya ɗauka mini ba.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki.

Goggonki mai ƙaunarki,
Salomi Sati