Limamin da Baffa Ya Hana Shiga Gaba

Gummi, daren Laraba

Abokan aikin Yaya Bello sun zo ta'aziyyar rasuwarsa yau, matuƙan jirgin sama su uku. Baffa Malam ne ya shigo da su cikin gida su gaida Inna, ni ina bakin ƙofar ɗaki ina jin komai.

Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya ce, "Inna, ɗanki shi ne limaminmu a masallacin filin jirgi. In jirginsa ya kusa sauka, jiransa muke mu yi sallah tare, saboda daɗin ƙira'arsa."

Sai Baffa ya gyara zama, ya shafa gemu, ya ce, "Ai mu munka koya mai."

Wallahi sai da na ciji leɓe! Wannan Baffan ne fa ya janye Yaya daga gaban sahu a masallacin ƙofar gida, gaban kowa, wai mai yawo a sama da mata ba lulluɓi ba zai ja mutane sallah ba. Tun ranar, duk zuwansa gida sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma. Bai taɓa faɗa mana wasu na binsa sallah ba.

Da baƙin suka miƙe, sai Inna ta tsayar da su. Ta ce, "Malam, tsaya ka ji." Ta dubi dattijon. "Ɗana, maimaita zancen limancin nan. Kunnen Malam ya yi nauyi."

Ya maimaita. Wannan karon Baffa bai shafa gemu ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.