Tsuntsuwar da Baba Ya Sa wa Sunan Mama

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Mu nan lafiya, sai ƙafar Baba da har yanzu take kumbura.

Yaya, wata magana ce ta fi ƙarfina. Ka tuna 'yar tsuntsuwar nan mai rawayan wuya da Baba ya gano a bakin fadama tun kafin a haife ni, wadda ya sa wa sunan Mama a littattafan masana? Ka san shi da kunya. Har Mama ta rasu ban taɓa jin ya kira sunanta a gida ba, sai dai "uwar yaran nan". Amma in ya tsaya gaban ɗalibai, sai ya faɗi sunan tsuntsuwar da harshen Latin, ya ja ƙarshensa, fuskarsa ta washe.

Jiya Dogo ya zo, tsohon ɗalibinsa da yanzu ke riƙe da sashensu a jami'a. A zaure ya tsaya, ya ƙi shiga. Ya ce sun yi gwajin ƙwayoyin halitta, sun ga tsuntsuwar ba dabam take ba. Iri ɗaya ce da wata da aka riga aka sa wa sunan wani baƙon maharbi tun zamanin kakanni, kuma a ƙa'idarsu tsohon suna ne ke zama. Ke nan za a daina amfani da na Mama. Yana magana yana murɗa hularsa. Ya roƙe ni in faɗa wa Baba kafin a buga binciken, don kada ya ji a bakin duniya.

Na kai wa Baba shayi, na zauna, na tashi ban iya faɗa masa ba. Ka ba ni shawara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Anti? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka, inda ka ce mu ɓoye wa Baba. Ka yi haƙuri, ban bi shawararka ba. Na ga in wani ya riga mu, ciwon zai zama biyu.

Da na faɗa masa bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko Dogo ne da kansa ya yi aikin, na ce e. Sai ya ce in ɗauko masa sandarsa.

Na kai shi ɗakin ajiya na jami'a. Kamar yadda ka san shi yake, ga warin maganin ƙwari, ga dogayen kabad na ƙarfe. Dogo ya jawo durowa, busassun tsuntsaye jere a kwance, kowace da 'yar takarda ɗaure a ƙafa. Baba ya sa tabarau, ya ɗora tasa kusa da ta maharbin, ya auna baki, ya buɗe fiffike. Ya karanta sakamakon gwajin shafi bayan shafi, mu kuwa muna tsaye kamar masu jiran hukunci. Raina yana ta roƙon Allah ya sa ya sami kuskure.

Da ya gama ya cire tabarau ya dubi Dogo ya ce, "Aikinka daidai ne. Ka buga."

Dogo ya durƙusa yana ba shi haƙuri, babban mutum da furfura, hawaye na zuba. Baba ya dafa kansa, ya ce ai don haka ya koyar da shi. Abu ɗaya ya roƙa, a bar tsohuwar takardar a ƙafar tsuntsuwar, tunda rubutun Mama ne. Ita ta rubuta, domin nasa kamar tafiyar kaza yake. Dogo ya ce dama ba a cirewa.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Sai Baba ya ce, yana kallon taga, "Ban gina mata gida ba, ban kai ta ko'ina ba. Na zaci wannan dai zai daɗe."

Tun ranar ba ya cin abin kirki. Ya daina fita tsakar gida da safe ya watsa wa tsuntsaye tsaba, ni nake yi, su ma ba sa sauka sosai in ni ce. Likita ya duba shi, ya ce bai ga sabon ciwo ba.

Yaya, ka nemi hutu. Bai ce in kira ka ba, ka san ba zai ce ba. Amma jiya ya sa na share ɗakinka, na shimfiɗa sabon zanen gado.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta